Muryar da Muka Aika Rasha

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar bazara, kuma ni ba na yin sa. Likita ya hana ni. Ina kurɓar ruwa da rana tsaka ina juya wa ƙofa baya kamar mai sata. Wani ƙari ne ya fito mini a ciki. Da aka ɗauki hotonsa, likitan ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Inna, kina da ɗa?" Na ce na haifi biyar, ƙasa ta karɓi huɗu, saura guda. Ya ce, "Yana ina?" Na ce yana ƙasar Turawa. Ya ce, "To, a ce masa ya zo." Ko mutum bai taɓa shiga lekol ya yi boko ba ya san fassarar wannan magana.

Ban iya rubutu ba. Malama Hawa, maƙwabciyata a nan unguwar Koira Kano cikin Yamai, ita ke riƙe da bik tana rubutawa, ni ina faɗa, in kuka ya ci ƙarfina ta jira. Abu guda ya rage mini a duniya, in ga ɗana Ɗanlami da idona kafin a rufe su. Abin da ya sa hakan ya yi wuya kuwa ya faro ne a wani azumi irin wannan, shekara talatin da 'yan kai, lokacin da watan ya faɗo cikin irin wannan zafi.

A lokacin muna Goudel, nan gefen Yamai, ni da maigidana, Malam. Daga Maradi muka zo bayan fari ya cinye mana gona, wani Bazabarme ya ba mu aron fili a bakin gulbi muka yi garka. Salati, shu wato kabeji, tomati, albasa. Da wannan garka muka riƙe Ɗanlami a lekol har ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, gwamnati ta ba shi burs, wato kuɗin karatu, ta tura shi Rasha ya yi karatun ruwa, yadda ake tare shi da yadda ake kai shi gona. Malam ba ya gajiya da faɗa wa mutane. Duk wanda ya tsaya sayen salati sai ya ji. "Ɗana ya tafi ya koyo yadda ruwa zai hau tudu da ƙafarsa. Ku bar ni in ɗan ƙara wahala, kafaɗar nan ta kusa hutawa."

Shekararsa uku can, saura biyu. Ba salula a lokacin, mu kuwa wasiƙa ba ta yi mana amfani. Kaset muke yi. Mu zauna gaban rediyo mai ɗaukar magana, kowa ya faɗi abin da ke ransa, a ba ɗalibin da ya zo hutu ya kai. Shi ma ya cika nasa ya aiko. Ana ajiye mana a shagon Illa, ƙanen Malam, tela a Kirkissoye, can ƙetaren gulbi, don shi ke da wurin da baƙo zai iya ganewa. Kaset biyu ko uku a shekara. Muna jin kowane har zaren ya gaji.

Bazarar waccan shekara gulbi ya janye ƙwarai. Inda muke ɗiban ruwa da damina ya zama rairayi, yara na ƙwallo a kai. Daga bakin garka zuwa ruwa sai ka yi tafiyar da za ka karanta Ƙulhuwallahu sau ashirin, ka dawo da bokiti biyu suna cin kafaɗarka. In mun yi sahur da ragowar tuwo, mun yi sallah, sai mu sauka tun gari bai gama wayewa ba. Malam na ɗibowa, ni ina zubawa, kwami bayan kwami. Kafin hantsi ƙasar da na jiƙa da farko ta yi fari kamar ba a taɓa ta ba. Da rana ta take, babu mai iya tsayawa. Iska in ta buso kamar an buɗe bakin murhu. Mukan kwanta ƙarƙashin mangwaro mu jiƙa zane mu lulluɓa, kafin ka juya ya bushe. Yawu ya ƙafe, harshe ya yi kauri, in ka yi salati leɓe ya tsage. Ga ruwa kana ɗauka yini guda, yana zubo maka a ƙafa, ba halin kurɓa. Da la'asar mu sake zagaye na biyu, sannan in hau gida in dama kunun tsamiya, in kwaɗa zogale da ɗan ƙuli-ƙuli, abin da Zabarmawa ke ce wa kopto. Ruwan randa shi ne sanyinmu. In an kira magariba Malam yakan riƙe moɗa da hannu biyu, ya sha, ya ce, "Wanda bai yi garka da azumi ba bai san ɗanɗanon ruwa ba."

Ran sha ɗaya ga wata ya ajiye bokiti ya ce kansa na sarawa. Na ce ya karya azumin, ya ce kan da ya saba da rana ba ya kai ƙara. Washegari wuyansa ya ƙi juyawa. Sanƙarau ne, ya yi yawa a unguwa a bazarar. Muka kai shi gidan likita, ba gado, aka shimfiɗa masa tabarma a baranda cikin mutane. Ran sha huɗu, tsakanin azahar da la'asar, ya cika. Maganarsa ta ƙarshe da na gane ita ce in tuna a shayar da albasa.

Na shiga takaba. Matan maƙwabta, Allah ya saka musu, su suka riƙa sauka garka bayan sun gama tasu, kowace ta zuba bokiti huɗu ko biyar da azumi a bakinta. Bai isa ba. Salati ya ƙone cikin kwana uku, tomati ya bi shi. Ina ɗaki ina jin labari kwami-kwami, kamar ana faɗa mini mutuwar dangi. Kunu ya tsinke har kana ganin gindin kwano. Wata rana da ruwa da dabino biyu na sha ruwa, na kwanta a kai.

Kwana tara da rasuwar Illa ya hayo gada da kaset a aljihu. Wani ɗalibi ɗan Tahoua ya ajiye a shago, zai koma bayan Sallah da kwana uku, ya ce a shirya amsa. Illa bai gaya masa komai ba. Muka zauna ni da shi da Gwaggo Ai, yayar Malam, aka sa wa rediyo pil, wato batir, aka danna.

Sai ga muryar ɗana ta cika ɗakin, yana dariya. "Baba, Inna, ina wuninku? In can wuni ne. Nan rana fitila ce kawai, tana haske ba ta ɗumi. Ina azumi ban san ƙishirwa ba, yunwa ce ke neman kashe ni. Kantuna sun bushe, sai mu yi layi cikin ƙanƙara tun safe a kan burodi. Dankali da safe, dankali da dare, Inna, in na dawo kika dafa mini dankali sai na koma." Ya ba da labarin takalminsa da ya huje, da wata tsohuwa mai gadin gidan ɗalibai da ke taɓa gashinsa ta ga ko na gaske ne. Sannan murya ta sauka. "Baba, jarrabawar da ke gabana ita ce babba. Wanda ya faɗi, gida za a mayar da shi. Ina jin tsoro. Ka sa mini albarka da bakinka a kaset ɗin nan mai zuwa, in riƙa ji kafin in shiga."

Gwaggo Ai ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba wanda ya tashi ya kashe rediyon har zaren ya ƙare da kansa.

Ita ta fara magana. "Na nesa ba a jefa masa mutuwa. Yana can cikin mutanen da ba su san Fatiha ba, wa zai riƙe shi? Wa zai ce masa ya haƙuri?"

Illa ya ce, "In ya ji, barin karatun zai yi ya taho. In ya taho kuwa ba mai mayar da shi. Wahalar Yaya ta shekara ashirin ta bi rairayi ke nan."

Na ce, "To albarkar da ya roƙa fa? In bai ji muryar ubansa ba ai ya gane."

Suka dubi juna. Kowa a dangi ya san Illa da Malam murya guda Allah ya ba su. Sau nawa Illa ya yi sallama daga waje na amsa da "Sannu da zuwa, Malam," ya shigo yana tsokanata, "Yaya Zara, miji biyu gare ki ba ki sani ba." Ranar bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Ba zan ɗora wa matattu abin da na ɗauka da hannuna ba. Ban ce a'a ba. Abin da ya fi haka, ni na koya masa. Washegari bayan la'asar muka rufe ƙofa don kada hayaniyar gida ta shiga, ɗakin kwano ya zama tanda, gumi na ɗiga daga haɓar Illa a kan rediyo. Ya fara, na ce tsaya. "Ba haka yake farawa ba. Gyaran murya yake yi sau biyu, sannan ya ce to, to, bismillah. Kuma ba ya ce masa Ɗanlami, Maigulbi yake ce masa." Muka goge, muka sake. Sau huɗu.

A na biyar Illa ya rufe ido, ya yi gyaran murya sau biyu, sai na ji mijina a ɗakin. "To, to, bismillah. Maigulbi, ka ji tsoron jarrabawa? Kai da ka ga gulbi ya cika ka shiga? Allah ya yi maka albarka. Allah ya buɗe maka kai. Garka lafiya lau, salati har ya fi ƙarfinmu. Kar dai ka auro mana mai jan kunne, uwarka ba ta iya yaren dankali ba." Ya yi mini alama da hannu in yi dariya. Na yi. Tana nan a kaset ɗin, dariyar mace mai kwana goma cikin takaba.

Abin ya zauna masa a baki har ya zarce. Ya juyo ya ce, yadda Malam ke yi in yana tsakiyar magana, "Ke, ba ni ruwa." Na ce, "To, Malam." Na tashi, na buɗe ƙofa, na je randa na ɗebo. Sai da na dawo bakin ƙofa da moɗa a hannu na tuna azumi ake, na tuna wanda na ɗebo wa yana ƙarƙashin ƙasa. Na tsaya nan ruwan na zuba a ƙafata. Illa ya kashe rediyon ya kifa kai a gwiwa yana kuka kamar yaro.

Ɗanlami ya ci jarrabawarsa.

Ina cikin takaba ruwan farko ya sauka. Hadari ya taso daga gabas da iska mai ƙarfi, ƙamshin ƙasa ya shigo ɗaki tun kafin ɗigon farko, kwano ya ɗau ƙara, yara suka fita tsirara suna ihu. Na miƙa hannu ta taga ya jiƙe. Gulbi ya dawo ja wur ya rufe rairayin da ya cinye kafaɗar Malam. Amma garka ta riga ta tafi, mai fili ya ba wani, ban ga laifinsa ba. Da na fita takaba na kama sayar da kopto a bakin hanya, ina wankau a gidajen ma'aikata. Kaset kuwa bai tsaya ba. Mun ƙara biyu. A wani kaset Ɗanlami ya ce, "Baba, muryarka ta ɗan sake, mura ce?" Illa ya amsa masa, "Tsufa ne, Maigulbi, kai ma yana jiran ka." Kowane karo mukan ce wannan ne na ƙarshe, in ya wuce jarrabawa mu faɗa masa. Kowane karo akwai wata jarrabawar a gaba. Ƙarya kuma in ta kwana biyu sai ta yi nauyin da ba ka iya sauke ta kai kaɗai.

Ba mu muka faɗa masa ba. Wani sabon ɗalibi ne daga Yamai, wanda ubansa ya halarci sallar gawar Malam, ya iske shi a wurin girkin ɗalibai, ya miƙa masa hannu ya ce, "Ashe Baba ya rasu bara waccan. Ya ƙarin haƙuri?"

Kaset ɗin da ya biyo baya, na ɗauka pil ne ya mutu. Shuu kawai yake yi, ana jin numfashi. Can ya yi magana, ba gaisuwa. "Inna, wata goma sha takwas. Kullum in na yi sallah ina roƙa masa lafiya da tsawon rai. Ban taɓa ce masa Allah ya jiƙansa ba, ko sau ɗaya. Kun hana shi addu'ata lokacin da ya fi bukatarta. Muryar wa nake sawa a kunne in zan shiga jarrabawa? Kuma ke, Inna, dariyar me kike yi?" Sauran zaren duk babu komai. Na saurare shi har ƙarshe, gaba da baya, ko ya ƙara wata kalma.

Ya gama karatu bai dawo ba. Ya wuce wata ƙasar Turawan, ya sami aiki, ya yi aure, ya haifi 'ya'yan da ban taɓa goyawa ba. Bai yashe ni ba, kada a rubuta haka. Shi ya ɗauke ni daga Goudel ya sa ni a gidan nan mai famfo da fanka. Yanzu in kuran, wutar lantarki, bai ɗauke ba, ruwan sanyi har da galas, ƙanƙara, nake da shi a ɗaki, ni da na yi azumi da ruwan randa. Sai dai daga nan ba a jin ƙamshin gulbi, shi kuma, tun daga wancan kaset, sai da ya kai shekara goma sha ɗaya bai taka ƙasar nan ba.

A shekara ta sha ɗayan ne na yi kuskure na biyu. Kewa ta ishe ni, na daina cin abinci sosai. Illa, ya tsufa a lokacin, ya ce, "Yaya Zara, yaron nan ba zai zo don Sallah ba, ba zai zo don suna ba. A ce masa kina kwance rai a hannun Allah." Na ce ba mu daddara ba? Ya ce, "Waccan mun ɓoye masa mutuwa, wannan rai za mu nuna masa. Ai ba ɗaya ba ne." Na bar shi ya buga waya.

Kwana huɗu sai ga ɗana a ƙofar gida, ido jawur, ko jakar kirki bai ɗauko ba. Ya iske ni tsakar gida da taɓarya a hannu ina daka gero. Ya tsaya ya dube ni tun daga kai har ƙafa. Na saki taɓaryar na nufe shi, ya bari na rungume shi, hannuwansa na rataye. Ya ce, "Sannu, Inna. Ashe kin warke."

Kwana takwas ya yi. Ya nemi a kai shi kabarin ubansa. Damina goma sha biyu ta bi ta kai, an yi ta binne wasu, Illa ya yi ta zagaye yana cewa nan ne, a'a, ko can ne. Ɗanlami ya ce masa, "Bari, Baba Illa. Kar ka nuna mini na wani ka ce nasa ne." Ita ce kaɗai maganar da ya yi masa har ya koma, kuma har Illa ya bar duniya.

Kafin ya tafi ya shiga gidan Malama Hawa. Ajinsu guda tun suna yara, ya san ta ba ta da ƙwange, ba ta ƙarya. Ya karɓi lambarta. Tun daga ranar, duk Juma'a yakan kira ni, yanzu ma har fuskarsa nake gani a salula, furfura ta cika masa gemu irin na ubansa. Ya ce, "Inna, ya jiki?" In amsa. Mu yi hira kaɗan. In ya ajiye, kafin in gyara zama sai in ji wayar Malama na kuka ta bayan katanga. Tambayarta yake ko abin da na faɗa haka ne. Shekara ashirin ke nan, ban taɓa nuna masa na sani ba.

Juma'ar da ta wuce na gaya masa. Ban yi kwana-kwana ba, ban ce da sauƙi ba. Na ce, "Ɗanlami, likita ya ga abu a cikina, ya ce a kira ka. Ba na jin zan ga damina. Ka zo." Ya dube ni ta cikin gilashin salula. Ya ce, "To, Inna. Na ji." Ya ajiye. Wayar Malama ta yi kuka.

Na jingina da katanga ina ji. Ta ce, "Lafiya lau, wallahi. E, jikin tsufa dai. An ba ta magani, da sauƙi sosai, jiya ma ta ci tuwo. Kar ka tada hankalinka, kana da aiki, ga yara na lekol." Da yamma saƙonsa ya shigo, ta karanta mini da bakinta. Zai duba, wataƙila in yara sun sami dogon hutu, can tsakiyar damina.

Na ce, "Hawa, me na yi miki?"

Ta ce, "Inna, bakina ne ya riga ni. Na ji muryarsa tana rawa, yana can shi kaɗai, ga tuƙi yana yi. Ta yaya zan ce masa uwarsa na mutuwa? Haka muka tashi muka ga ana yi."

Ban yi mata faɗa ba. Da wane baki? Na ce ta sake kira, a gabana. Ta kira, ta gaya masa duka, har sunan ciwon da Faransanci, tana kuka. Ya saurara har ta gama. Sannan na ji ya ce, a hankali, ba fushi a ciki, "Hawa, ɗazu kin ce da sauƙi. Tana kusa da ke, ko? Ita ta sa ki. Ba komai, na gane. Ki gaishe ta."

Shi ya sa na ce ta ɗauko kaye, littafin rubutu, ta zauna. Yau kwana uku muna yi, da hantsi, kafin zafi ya kwantar da ni. Na faɗi abin da ban taɓa faɗa masa ba, cewa ni na koya wa Illa gyaran muryar, ni na ba shi sunan Maigulbi. Wataƙila in ya ga ban rage wa kaina komai ba, ya yarda da sauran. Malama ta ce za ta ɗauki hoton takardun ta tura masa tare da ta likita.

Na tambaye ta ko akwai wurin da zan sa hannu, don ya san daga gare ni ne. Ta shafa mini tawada a babban yatsa na dangwala a ƙasa. Na duba, ban ga abin da ya raba shi da yatsan kowace tsohuwa ba. Ɗana bai taɓa ganin rubutuna ba, ba ni da shi. Maganata za ta je masa da hannun wata, shi kuwa ya san yadda muke yi a gidanmu.

Tun jiya ƙafafuna suka kumbura. Na ce a juya mini gado ya fuskanci ƙofa.